Gadar da ke Ɗagawa da Darasinta ga Daurawa



A ƙarni na 19, gabashin birnin Landan ya cika da jama'a, suna bukatar gada a kan kogin Thames. Amma wurin tashar jiragen ruwa ce, gada ƙasa-ƙasa za ta tare hanyar jirage. Sai aka gina Tower Bridge, aka buɗe ta a 1894 bayan aikin shekara takwas. Tsakiyarta ɓangare biyu ne, kowanne ya haura tan 1,000. In jirgi ya tunkaro, sai a tsai da ababen hawa, a ɗaga su, ya wuce, a sauke. Da ƙarfin tururi aka fara, a 1976 aka koma lantarki da mai. Manyan jiragen kaya sun bar wurin, amma har yau gadar tana ɗagawa, domin ba a taɓa rasa masu kula da ita ba.

Jama'a, mu ba mu da teku. Amma a 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura, ga kuma Jami'ar Sufuri a ƙofarmu. Gina abu daban, riƙe shi daban. Wa zai riƙe mana waɗannan?

Roƙona ga 'yan'uwa mazauna Legas, Kano da Abuja shi ne, kowane reshe ya ɗauki nauyin karatun injiniyanci na yaro ko yarinya guda daga ƙauyukanmu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tanadi sabuwa.