Minshari da Rikicewar Bugun Zuciya: Tambayar da Muka Bari a Baya

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

A wannan zaure ba sai na tsaya bayanin AF ba. Kowa ya san halin da ɗakunan zuciya biyu na sama ke daina matsawa a tsare, su koma makyarkyata, kuma tun daga binciken Framingham mun san mai wannan ciwo ya fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Abin da ya kawo ni ƙorafi ne da na daɗe ina yi wa abokan aikina. Mutum zai zo ya ce gabansa na faɗuwa, zuciyarsa na harbawa ba kan ƙa'ida ba. Mu yi masa ECG, mu rubuta maganin rage gudun zuciya da na tsinka jini, mu ba shi ranar dawowa. Daga mai rubuta kati har babban likita, ba wanda ya tambaye shi yadda yake kwana. Ni kuwa ina ganin wanda bai yi wannan tambaya ba bai gama duba mara lafiyarsa ba.

Ga abin da ke faruwa da daddare. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da tushen harshe suna saki. A wurin wasu mutane hanyar iska takan rufe ruf, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye, wani lokaci har ya kai minti guda. Ƙirji yana ta ƙoƙarin jan iska, hanya a toshe, sai wannan zuƙa ta riƙa jan bangon zuciya tana miƙe shi, musamman ɗakunan sama masu siririn bango. Iskar oksijin ta ragu a jini, bugun zuciya ya yi ƙasa. Can sai ƙwaƙwalwa ta firgita mutum, ya saki wani gurnani, jijiyoyin tsoro su kwararo sinadaransu, jini ya hau, zuciya ta zabura. Ya koma barci, a sake. Wanda abin ya yi wa tsanani yakan yi haka sau 30 ko fiye a awa ɗaya, kowane dare, shekara da shekaru, kuma gari ya waye bai san an yi ba. Ɗakin zuciyar da ake ja haka yana faɗi, yana tabo, kuma a irin wannan nama AF ke samun wurin zama.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1983 Guilleminault da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka bi bugun zuciyar mutum 400 masu ɗaukewar numfashi a barci, suka ga kashi 48 cikin 100 sun sami rikicewar bugu a cikin dare guda. Shekara biyu kafin nan, a 1981, Colin Sullivan a Ostareliya ya riga ya fito da na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Ciwon da maganinsa duk sun haura shekara 40 a littattafanmu.

Binciken da nake so ku fita da shi daga nan shi ne na Kanagala da abokansa a asibitin Mayo, wanda ya fito a 2003. Ɗalibaina sun ji shi a bakina ba sau ɗaya ba, kuma yau ma zan maimaita. An ɗauki masu AF da aka buga wa zuciyarsu lantarki har bugun ya daidaita, aka bi su shekara guda don a ga wa ciwon zai dawo wa. Mutum 27 suna da ɗaukewar numfashi amma ba sa amfani da na'ura, ko ba sa amfani da ita yadda ya kamata: kashi 82 cikin 100 ciwon ya dawo musu. Mutum 12 suna da matsalar kuma suna kwana da na'urar: kashi 42. Sai mutum 79 da ba a san su da matsalar barci ba: kashi 53. Ku dubi tazarar. Aiki ɗaya aka yi musu, a asibiti ɗaya, amma wanda aka bari yana shaƙewa da dare ya kusan ninka ɗan'uwansa wajen komawa gidan jiya.

Akwai abu biyu a cikin wannan aiki da mutane ke tsallakewa. Na farko, waɗancan 79 ɗin ba a taɓa yi musu awon barci ba. An dai ce ba a san su da ciwon ba, kuma da wuya a ce babu masu shi a ɓoye a cikinsu. A ganina hakan na daga cikin dalilan da suka sa waɗanda aka gano ciwonsu aka magance suka fi su samun sauƙi. To su wane ne waɗannan 79 ɗin? Su ne marasa lafiyarmu, waɗanda ke zaune a layin asibitocinmu kowace safiya ba a auna barcinsu ba. Na biyu, ko a cikin waɗanda ba sa amfani da na'ura, waɗanda ciwon ya dawo musu su ne oksijin ɗinsu ya fi faɗuwa da dare. Gwargwadon shaƙewa, gwargwadon dawowar ciwo. Likitan da ya daidaita bugu ya bar numfashi kamar mai yaɓe bango ne da damina, rufi na yoyo a kansa. Na san mutanen binciken ba su da yawa, kuma ba da ƙuri'a aka raba su ba. Amma abin da ya biyo baya ya tafi hanya ɗaya.

A 2006 Mehra da abokanta suka nuna cewa AF da dare ya kai kashi 4.8 a masu matsalar numfashin mai tsanani, alhali kashi 0.9 ne a waɗanda ba su da ita. A 2009 Monahan ya gano cewa yiwuwar bugu ya rikice tana ƙaruwa kusan sau 18 cikin daƙiƙa 90 da suka biyo bayan ɗaukewar numfashi. Sai aikin Gami na 2005 a kan mutuwar farat ɗaya ta zuciya: cikin masu ciwon ɗaukewar numfashi, kashi 46 sun rasu ne tsakanin sha biyun dare da shida na safe, alhali kashi 21 ne a waɗanda ba su da shi. Rai na Allah ne, ba mai musu. Amma idan muka ji an ce wane ya kwanta lafiya ƙalau aka wayi gari babu shi, aikin likita ne ya nemi sababi, domin 'yan'uwan mamacin da ke raye.

Za a kawo mini binciken SAVE na 2016, mai mutum 2,717, inda CPAP ba ta rage bugun zuciya mai kisa da shanyewar jiki ba, da wani ƙaramin gwaji a Norwe da bai ga raguwar AF ba. Na karanta su. A SAVE, matsakaicin amfani da na'urar awa 3.3 ne a dare, sauran daren mutum na shaƙewa kamar da, kuma an cire masu yawan gyangyaɗi tun daga farko. Wannan ba hujjar daina tambaya ba ce. Wasu kuma sukan ce ɗaukewar numfashi ciwon Turawa masu ƙiba ne, mu namu AF daga hawan jini yake, ko ciwon ƙofofin zuciya tun na yarinta, ko raunin zuciya bayan haihuwa. Gaskiya ne muna da waɗannan, amma ɗaya ba ya korar ɗaya, kuma shi kansa hawan jinin da ya ƙi jin magani uku sau da yawa daga barci yake. Ƙiyasin da ya fito a 2019 ya ce mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da matsalar ɗaukewar numfashi a barci a duniya. Ba mu da dalilin cire kanmu daga lissafin.

Abin da nake nema ba ya cin kuɗi a matakin farko. Takardar STOP-BANG da Frances Chung ta fitar a Kanada a 2008 tambayoyi takwas ce: minshari, gajiya da rana, ko wani ya ga numfashi ya tsaya, hawan jini, ƙiba, shekaru sama da 50, kaurin wuya fiye da santimita 40, da kasancewa namiji. A buga ta da Hausa, a maƙala a katin duk mai AF da duk mai hawan jini mai taurin kai. Kuma a tambayi wadda ta sani. Maigida zai ce barcinsa lafiya lau, domin shi bai ji ba. Uwargida ce ke kwana tana zungurinsa idan ya yi shiru, amma kunya ba za ta bar ta ta faɗa a gabansa ba sai an keɓe ta an tambaya. A tambayi gyangyaɗi lokacin huɗuba, da ciwon kai da safe, da yawan tashi fitsari, wanda muke saurin ɗora wa sukari ko mafitsara. Idan direban babbar mota ne, maganar ta wuce zuciyarsa kaɗai.

Ga hukumomin lafiya: kowane asibitin koyarwa ya kamata ya sami ɗakin awon barci, kowane babban asibiti ya sami na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa mutum ya kwana da ita a gida. Inshorar lafiya ta ɗauki nauyin CPAP tare da batirinta, don na'urar da ke mutuwa idan an ɗauke wuta ba ta da amfani a garuruwanmu. Kafin nan, a rage ƙiba da gaske. A Adelaide, binciken LEGACY na 2015 ya nuna waɗanda suka zubar da kashi 10 na nauyinsu sun fi sauran rabuwa da AF nesa ba kusa ba. A kwanta ta gefe, a bar rigingine. A faɗa wa mutane cewa kai wa wanzami ya cire beli ba ya magance ɗaukewar numfashi. Mu kuma likitoci, kada wani ya sake rubuta diazepam ga mai minshari da ya ce barci ba ya isarsa, sai ya san ko numfashinsa na tsayawa.