Lambar QR da ake miƙo maka: rumbun wa kake cikawa?

Na san da yawanku kun taɓa aikin tattara bayanai, wanda muke cewa anket. Tun bayan harin da aka kai Boso da Difa ranar 6 ga watan Fabrairu 2015, da kwararowar 'yan gudun hijira, ƙungiyoyin agaji suka cika garin nan, aikin ya zama abincin masu digiri da yawa. A tara ku horo na kwana biyu, a miƙa muku waya ko tabilet, a haska wani zane mai kusurwa huɗu a bango, a ce kowa ya ɗauka. Ƙit! Tambayoyi sun sauka cikin KoboCollect. Sai Sayam Foraj, sai Geskeru, sai Gigimi. Shekaru ke nan muna wannan, amma ku ɗaga hannu, mutum nawa ne a ɗakin nan suka san abin da ke cikin zanen? Yau shi za mu buɗe, sannan mu ga yadda za mu kafa namu wurin aiki.

Lambar QR ɗin nan ba tsafi ba ce. Rubutu ne aka dunƙule, kuma ba a kulle yake ba, duk mai ɗan sani zai warware shi. A ciki akwai adireshin rumbun intanet da amsoshi za su tafi, akwai sunan mai asusu, sau da yawa har da kalmar sirrinsa. Akwai kuma umarni ga wayar: ta aika amsa da kanta da zarar ta samu rezo ko ta jira, ta goge bayan aikawa ko ta ajiye. Wani ya zauna a Yamai ko Dakar ko Janeba ya yanke wannan duka, kai kuma cikin daƙiƙa ɗaya ka shigo da hukuncinsa cikin wayarka. Wannan shi ne shigo da saitin aiki. Abu ne mai kyau, don waya hamsin za su daidaita ba tare da kowa ya yi kuskuren harafi ba. Amma wanda ya rubuta saitin shi ne mai gonar, mai ɗaukar hoton ɗan ƙwadago ne.

Kayan kuwa ba mallakar wata ƙungiya ba ne. ODK, wanda aka gina KoboCollect a kansa, an fara shi a jami'ar Washintan ta Amurka a 2008, kuma buɗaɗɗe ne, kowa na iya dubawa ya gyara. KoboToolbox na ba ƙananan ƙungiyoyi asusu kyauta, da iyakar da mu dai ba za mu ƙure ta da wuri ba. Abin da kake buƙata: kwamfuta ko da tsohuwa ce, Excel ko LibreOffice wanda ba a biya, waya mai Android, da intanet na ɗan lokaci. Yawancin aikin ba ya son rezo, sai dai batir ya riƙe in an ɗauke kuran.

Zuciyar aikin fayil ɗaya ne na Excel da ake kira XLSForm. Shafi uku gare shi, sunayensu da Turanci kuma dole a rubuta su yadda suke. Na farko survey, nan tambayoyi suke, kowace da irinta: lamba ce, hoto ne, murya ce, ko wurin da kake tsaye a taswira. Na biyu choices, jerin amsoshin da za a zaɓa. Na uku settings, nan sunan fom yake, da lambar sigarsa, da harshen da zai fara buɗewa da shi. Ba sai ka fara daga fari ba. Ka samo fom ɗin da wani ya gina, ka loda shi cikin sabon aiki a asusunka, ka ga ya tashi da ƙafafunsa. Haka masu rubuta manhaja ke yi ko'ina a duniya, ba abin kunya ba ne.

To amma a nan nake so mu daɗe, don a nan ake faɗawa rami. Fom ɗin aro yana zuwa da ƙasar da aka haife shi. Ka ɗauko wanda aka yi wa Maiduguri, gurbin lambar waya zai nemi lamba 11, mu kuwa 8 gare mu, sai wayar ta ƙi wucewa gaba kana tsaye gaban dattijo cikin rana. Gurbin kuɗi zai ce naira, alhali a kasuwar Difa mai tattasai zai faɗa maka farashi da naira, mai shago ya faɗa da sefa, wata kuma ta ce jika biyu. In ba ka sa tambayar wane kuɗi ba, lissafinka duka ya zama shirme kuma ba za ka gane ba sai an gama. Jerin garuruwa zai zo da ƙananan hukumomin Barno, kai kana son Shetimari da Tumur da Maine Sorowa. Har sunan gari ɗaya sai ka ga an rubuta shi iri uku. Ku zauna ku tsayar da rubutu ɗaya kafin kowa ya fita.

Sai harshe, wanda ya fi ci mini rai. Tambaya na Faransanci, mai amsa na jin Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci, mai riƙe da waya yana fassara a tsaye yadda Allah ya hore masa. Mutum goma, fassara goma, sannan a haɗa amsoshin a ce sakamako. Alhali fayil ɗin na karɓar harsuna da yawa: ka ƙara layi na Hausa, ka ƙara na Barbarci, har murya kana iya liƙa wa kowace tambaya, a naɗi wata yayarmu mai Barbarci mai kyau, kowa ya ji abu ɗaya. Wanda ke Dakar ba zai yi mana wannan ba, ba don mugunta ba, bai iya ba ne.

In fom ya gyaru, ka buɗe ayyuka biyu, na gwaji da na gaske, kada amsoshin wasa su gauraya da na mutane. Duk gyara ka canza lambar siga, ka ajiye tsohon fayil da kwanan wata. Ka saita waya ɗaya da hannu, ka gwada ta ba rezo, sannan daga cikinta ka fitar da taka lambar QR ta sauran.

Dan Allah ku saurara nan. Lokacin fitar da lambar, manhajar na ba ka zaɓi ka sa kalmar sirri ciki ko ka cire. In ka sa ta asusunka babba, ka jefa hoton a zauren WhatsApp, ka raba makullin rumbu ke nan ga duk wanda hoton ya isa wayarsa. Ka buɗe wa masu fita wani asusun dabam, mai izinin aikawa kawai. A yankin da sunan mutum da wurin kwanansa ke iya jawo masa a sace shi don kuɗin fansa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A watan Janairu 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta sanar cewa an yi kutse cikin bayanan mutum fiye da dubu 515. Su ke nan, da ƙwararrunsu. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido, kuma dokar ta hau kanmu mu ma. Abin da ba ka buƙata, kada ka tambaya. In aikin na da hatsari, akwai gurbin makulli a shafin settings da ke rufe amsa tun daga waya, sai dai in ka ɓatar da naka makullin, ba mai buɗe maka.

Me za mu yi da shi? Komadugu. Ruwanta daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake tasowa, shi ya sa takan cika ta tumbatsa wajen Oktoba da Nuwamba, bayan sama ta ɗauke a nan. Ta ci gidaje da gonaki a 2019, ta sake a 2022. Ana auna tsawonta a Bagara, amma wace madatsa ce ta tsage, gonar tattasai nawa ta nutse, wace rijiya ta gurɓace, wannan mazauna bakin kogi suka sani. Fom mai tambaya goma, da hoto, da wuri, ba sunan kowa, a hannun matasa ashirin daga Shetimari zuwa Geskeru, ya ishe mu shiga ofishin magajin gari da taswirar da mu muka yi, mu ce ga inda buhunan yashi za su fara zuwa.

Masu kwamfuta ku buɗe LibreOffice, waɗanda ba su da ita ku matso kusa da masu ita. Shafin farko za mu sa masa suna survey, da ƙananan haruffa, ba tazara.