Kafin ka tura kuɗin sola gida



Bari in fara da tona wa kaina asiri. Shekarata ta farko a nan Ingila na tsuke bakin aljihu, na tara kuɗi daga alawus ɗina, na tura Kano a saka wa Hajiyarmu sola. Ni da na karanta injiniyanci, wallahi ban yi lissafin komai ba. Mai haɗawa ya sayo ƙatuwar inbata, ya ɗora faranti biyu kacal. Kafin shekara ta zagayo batiran sun mutu, Hajiya ta koma fifita da mafici.

To, aikin sola da biro da takarda ake fara shi. A rubuta duk abin da za a kunna, da wat ɗinsa, da awannin da zai yi. Misali: fanka uku masu wat 60 na awa takwas, 1,440. Ƙwai shida masu wat 10 na awa shida, 360. Talabijin 400, firji kamar 1,200. Jimla 3,400 a yini.

A Kano, rana mai ƙarfin cika faranti ba ta cika wuce awa biyar zuwa shida ba. Raba 3,400 gida biyar, ka sami 680. Zafi da ƙurar hunturu da wayoyi za su cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka faranti na wat 900 ake bukata.

Sai batir. Mai ruwa na bolt 12, amfiya 200, yana ɗaukar 2,400, amma rabi kawai ake zuƙa in ana so ya yi ƙarko. In dare zai ci 2,400, biyu za a saya, kuma sai farantan sun iya cika su kullum. Nan namu ya mutu.

Farantan su fuskanci kudu, a ɗan kishingiɗe, inda inuwar darbejiya ko tankin ruwa ba ta kaiwa. A samu yaron da zai riƙa goge su. Inbata kuwa ta iya ɗaukar fizgar da firji ke yi in zai tashi.

Roƙona ɗaya: kafin ka danna tura kuɗi, ka ce mai haɗawa ya turo maka lissafinsa ta WhatsApp. In ya ce "bar mini kawai, Yallaɓai", nemi wani.

Allah Ya bar zumunci.