Agogon Jirgi da Agogon Gari

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:9-44, Daniyel 6:10

Gaisuwa ta musamman ga masu bi na ƙasar Daura, daga cikin birni har Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, da waɗanda ke jinmu a tsallaken iyaka.

Mu mutanen tudu ne. Da yawa cikinmu babban ruwan da muka taɓa gani bai wuce madatsar Sabke ba. Duk da haka yau da maganar teku za mu soma. Akwai manyan jiragen ruwa masu ɗaukar dubban mutane yawon buɗe ido, yau su kwana a tashar wannan ƙasa, gobe a ta waccan. In jirgin ya tsaya, sai a bar fasinja su sauka su ga gari, a ce musu su dawo ƙarfe kaza. To, ƙarfe kaza na wane agogo? Sau da dama shugaban jirgi ba ya sake agogonsa don ya dace da na garin da aka tsaya. Sai mutum ya sauka, ya shiga kasuwa, ya dubi agogon bango ya ga ƙarfe 4, ya ce da sauran sa'a guda, alhali a cikin jirgi ƙarfe 5 ta yi, ana janye tsani. Ya iso bakin ruwa da tsarabarsa a hannu, ya hangi jirgi ya yi nisa, da kayansa da iyalinsa a ciki.

Abin da ya fi ruɗin mutane a zamanin nan shi ne wayar hannu. Da zarar ta kama layin ƙasar da aka sauka, sai ta juya agogonta da kanta, ba sallama, ba neman izini. Shi ya sa waɗanda suka saba da irin wannan tafiya sukan ɗaura agogon hannu, ko da mai araha ne, su saita shi da na jirgi, ba su ƙara taɓa shi.

A nan gida ba mu cika jin wannan ba. Wanda ya fita ta Kwangwalam zuwa Matameye ko Damagaram zai canja kuɗi, amma ba zai canja agogo ba, gama Nijeriya da Nijar lokacinsu ɗaya. Sai dai ko agogon namu ba na ranar Daura ba ne. Yarjejeniya ce ta mutane. A shekarar 1884 ƙasashe suka taru a Washington ta Amurka suka amince a riƙa auna duniya daga Greenwich ta Ingila, mu kuwa muna gaba da can da sa'a guda. In kun kafa sanda a bakin rijiyar Kusugu, inuwarta ba za ta kai ƙarshen gajarta da ƙarfe 12 ba, sai wajen 12 da rabi. Kakanninmu fatake da suka yi ta zuwa Gwanja neman goro ba su taɓa sanin sun shiga wani lokaci dabam ba. Jaki ba ya saurin da zai sa rana ta ruɗe.

Iyayenmu a cikin bangaskiya, su kam sun san zama da agogo biyu, domin bishara ta rediyo daga nesa take zuwa musu. Gidan rediyon ELWA ya soma watsa shiri daga Laberiya a 1954, kuma har zuwa 1972 agogon ƙasar nan yana bayan na Greenwich da minti 44 da rabi. Muryar Bishara kuwa, a Jos ake ɗaukar shirin Hausa, amma daga Addis Ababa ake watso shi, tun 1963 har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Habasha tana gabanmu da sa'a 2, ga shi kuma mutanenta daga fitowar rana suke soma ƙirga sa'o'i, abin da muke ce wa ƙarfe 7 na safe su ƙarfe 1 ne. Haka ma ake ƙirgawa a Sabon Alkawari, shi ya sa sa'a ta tara da Bitrus da Yohanna suka tafi Haikali yin addu'a take daidai da ƙarfe 3 na yamma. Dattijon da ba shi da agogo yakan kunna akwatinsa tun da sauran lokaci, ya zauna yana sauraron shuuu, don kada waƙar buɗewa ta wuce shi. Batir kuwa ba arha yake ba.

Yanzu mu dubi jirgin da Bulus ya shiga. Jirgin Iskandariya ne mai ɗauke da alkama zuwa Italiya, Bulus kuwa ɗan sarƙa ne a cikinsa. Da suka tsaya a tsibirin Karita, Luka ya ba mu lokacin da wata irin alama: ya ce Azumi ya riga ya wuce. Yana nufin Ranar Kafara ta Yahudawa, wadda takan faɗo a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, daidai lokacin da tekun nan ke fara haɗari. Bulus ya ba da shawara a dakata. Jarumin da ke tsaronsa ya fi yarda da matuƙin jirgi da mai jirgin, yawancin mutane kuma suka goyi bayan a tafi. Da 'yar iska mai laushi ta buso daga kudu, suka ɗauka sun samu yadda suke so.

Kun ji abin da ya biyo baya a karatunmu. Guguwa ta fyaɗe su, kwana da kwanaki ba rana ba taurari. Ga matuƙi na wancan zamani, wannan shi ne a karɓe masa agogo da taswira gaba ɗaya. Amma abin da ya daɗe yana ba mu mamaki a wannan sura shi ne, cikin duhun nan ba a daina ƙirga kwana ba. Gab da asuba Bulus ya miƙe ya gaya musu yau kwana 14 ke nan ba su ci abin kirki ba, ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah a gabansu duka, ya gutsura ya ci. Mutum 276 ne a jirgin, ba ko ɗaya da ya halaka.

Ku lura, Bulus bai jahilci lokacin duniya ba. Ya san watan da teku ke lafawa da watan da take tashi. Mu ma kada wani ya ce tun da shi na Almasihu ne, ba ruwansa da agogon gari. Fasinjan da bai san lokacin gari ba zai tarar da kanti a rufe. Muna zaune cikin maƙwabta Musulmi, dangin wasunmu ne na jini. Ya kamata mu san lokacin sallarsu, kada mu je bin bashi ana shirin masallacin Juma'a, mu san watan azuminsu, mu kai gaisuwar Salla. Kuma, mu faɗi gaskiya, suna ba mu kunya. An kira azahar, mai shago ya bar ciniki ya tashi. Mu kuwa sujadar ƙarfe 9, sai a kai waƙa ta uku kujeru ba su cika ba.

Ga inda abin ya fi tsanani. Babbar kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi take ci. Mai bin da ya yi wata shida yana kiwon rago, yana jiran ranar da zai sayar ya biya kuɗin makarantar yara, ba za mu tsaya a kan bagade mu ce masa kasuwa zunubi ce ba. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ne yake saurin yanke irin wannan hukunci. Amma mun ga yadda abin yake tafiya. Da fari mutum yakan zo sujada, a tashi ya wuce kasuwa. Bayan 'yan watanni sai ya riƙa sulalewa kafin wa'azi. Daga nan ya turo matarsa da yara da baikonsa a hannunsu. Ran da dattawan ikkilisiya suka je gidansa, sai ya yi mamaki da gaske, ya ce ai shi bai bar bin Ubangiji ba. Kuma ba ƙarya yake yi ba, bai taɓa zama ya yanke shawarar bari ba. Zuciyarsa ce ta kama layin gari, ta juya da kanta.

Daniyel ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar da ba tasa ba, babban ma'aikaci kuwa. Yana zuwa fada a kan lokacin fada, har maƙiyansa suka bincika aikinsa ba su sami aibi ba. Amma sau uku a yini yakan hau bene, ya durƙusa a gaban tagar da ke duban Urushalima. Da aka kafa dokar hana addu'a ta kwana 30, bai ƙara ba, bai rage ba, abin da ya saba yi ya ci gaba da yi. Da a ranar dokar ne ya soma neman lokacin addu'a, da wuya ya same shi.

Wuri ɗaya ne misalinmu ya gaza. Shugaban jirgin ruwa yakan rubuta sa'ar tashi a allo, a bakin tsani, kowa ya gani. Ubangijinmu bai rubuta ba. A Markus sura 13 ya nuna mana cewa ranar nan a hannun Uba kaɗai take, ya kwatanta mu da mai gadin da bai san a wane sashe na dare maigida zai ƙwanƙwasa ƙofa ba. In kun ji wani mai wa'azi ya sa rana da wata, ku riƙe kuɗinku, kada ku sayar da gonarku. An sha yin haka, kuma har yau muna nan.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, muna kawo maka direbobin da ke kan hanyar Kano da ta Damagaram a daren nan, da 'yan kasuwa masu shirin Lahadi, da 'ya'yanmu da neman abinci ya kai ƙasashen da safiyarsu ba tamu ba ce. Ka tuna da waɗanda ke cikin guguwa, waɗanda suka daɗe ba su ga rana ko tauraro ba. Ka dawo mana da ɗan'uwan da kujerarsa ta daɗe ba kowa. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.