Murar Tsuntsaye Ta Shiga Teku, Gobirawa a Kula da Fadama



Murar tsuntsaye ta H5N1 ta wuce akurkin kaji. A 2023 ta kashe dubban zakunan teku a gaɓar Peru da Chile, bayan ta kama su daga tsuntsayen ruwa. A 2024 kuma aka same ta a jikin shanun madara a Amurka. Duk dabba mai shayarwa da ta kamu, cutar ta ƙara matsowa kusa da ɗan Adam.

Mu ma ba baƙuwarmu ba ce. A 2006 ta fara ɓulla a Afirka a gonar Sambawa da ke Jaji, sannan ta bayyana a Magarya ta Nijar.

Da hunturu agwagin daji na sauka a fadamun Gulbin Rima, inda zabinmu da awakinmu ke shan ruwa. Don haka, jama'ar Sabon Birni da Isa, in kun ga mushen tsuntsu kada yaro ya ɗauka, kada kare ya ci. Kaza mai kumburin kai da baƙin zanko, kada a yi saurin yanka ta ko kai ta kasuwa. A sanar da malamin dabbobi nan take.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu.