Jawabin Shugaban Taro a Bikin Ƙaddamar da Atisayen Tseren Iyo, Keke da Gudu na Matasa a Sukuntuni

 

Mai girma uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, ranku ya daɗe, limamai da malamai, Allah ya gafarta muku, wakilan ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, kansiloli na yanzu da na da, shugabannin makarantu da malaman wasanni, ma'aikatan lafiya, jami'an tsaro da 'yan sintiri, sarkin ruwa da jama'arsa masunta, 'yan kasuwa da masu gyaran keke, iyaye mata, matasa maza da mata, sauran manyan baƙi da lokaci bai ba da damar ambata ba, kowa da matsayinsa: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Tseren da aka taru domin ƙaddamar da atisayensa tsere ne guda mai zango uku a jere: iyo, sannan keke, sannan gudu da ƙafa. Duniya ta san shi da sunan tirayatalon. Agogo yana fara ƙirga tun daga shiga ruwa, ba ya tsayawa sai ɗan tsere ya taka layin ƙarshe. Lokacin sa takalmi da ɗaura hula duk yana cikin lissafi.

An fara shi a sigarsa ta yanzu a San Diyego ta ƙasar Amurka a watan Satumba na 1974, inda wata ƙungiyar 'yan gudu ta shirya shi, mutum 46 suka shiga. A 1978 aka yi na farko mai dogon zango a Hawai, wanda ake kira Ironman: iyon kusan kilomita 4, keken kilomita 180, da gudun kilomita 42. An kafa hukumarsa ta duniya a Faransa a 1989, ya kuma shiga gasar Olamfik a Sidni a 2000 da ma'aunin iyon mita 1,500, keken kilomita 40 da gudun kilomita 10. Rabin wannan ma'auni shi ne gajeren zango, wanda matasan nan suka sa a gaba: iyon mita 750, keken kilomita 20, gudun kilomita 5. Iyon ya yi daidai da tsawon filin ƙwallo sau 7 da 'yan kai. Ƙwararru suna gama duka a cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Mai yi don sha'awa yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu.

Mafi yawan masu shiga irin wannan tsere a duniya ba su cin abinci da shi. Malaman makaranta ne, da ma'aikata, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, waɗanda ke atisaye kafin aiki ko bayan an tashi. Maƙwabta ma sun nuna abin da ɗan sha'awa zai iya. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Hamadou Djibo Issaka na Jamhuriyar Nijar ya shiga tseren kwale-kwalen mutum ɗaya bayan atisayen wata 3 kacal. Shi ne na ƙarshe, amma ya kai layi, 'yan kallo kuma suka tashi suna masa tafi.

Ƙasar Katsina ba baƙuwar wasa ba ce. Sarki Muhammadu Dikko ne ya dasa wasan folo a nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa har ƙasashen waje. Dambe da kokawa da langa suna nan bayan kowace kaka. A Argungu, bikin kamun kifi da ya samo asali tun 1934 yana ɗauke da kabanci, inda ake gasar iyo da tuƙin kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa. Malamai kuma sun san maganar da ake jinginawa Sayyidina Umar kan koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. A wannan yanki kuwa, yaron da ke kai kaya kasuwa a kan keke, ya dawo ya bi awaki da gudu, ya riga ya san biyu daga cikin zango ukun tseren nan.

Abin da kwamitin shirya wannan atisaye ya yi kafin yau ya cancanci yabo. Matasa sun share fili da hannunsu, sun auna hanya, sun cike ramuka. Masu gyaran keke sun tashi tsofaffin kekuna da aka jingine a zaure, sun sa musu sarƙa da birki ba tare da karɓar ladan hannu ba. Malaman wasanni sun ba da safiyar Asabar ɗinsu. Ma'aikatan lafiya sun auna jinin kowa. 'Yan kasuwa sun ɗauki nauyin ruwan sha, iyaye mata sun ɗauki nauyin kunu. Waɗanda suka yi alkawari a zaman farko ba a sake ganinsu ba, su ma an gode, domin ga su yau a sahun gaba.

Shirin ɗan sha'awa yakan ɗauki mako 8 zuwa 12. Ana raba kwanakin mako tsakanin iyo da keke da gudu, a bar kwana ɗaya na hutu, a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma sai ya ga likita tukuna. Yanayin ƙasa ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, don haka atisaye na bayan sallar asuba ne. A hunturu ƙura tana shaƙe ƙirji, ruwa kuma yana sanyi. A watan azumi ana sassautawa, a mayar da shi dare.

Ranar tsere tana farawa da jera kaya. Kowane ɗan tsere yana da ɗan gurbi a filin canji, inda zai jingine kekensa, ya ajiye hular kwano a kan sirdi da igiyarta a kwance, takalmi a ƙasa da bakinsa a buɗe, gorar ruwa a maƙale. Yana taɓa tayoyi ya ji iska, ya matsa birki, ya haddace inda gurbinsa yake, domin wanda ya fito daga ruwa a jigace yakan rasa kekensa a cikin kekuna.

Zangon iyo shi ne mafi gajarta, kuma shi sabon shiga ya fi tsoro. Da an busa usur, jama'a suna faɗawa ruwa lokaci guda. Ƙafar wani ta sami fuskar wani, ruwa ya shiga hanci, numfashi ya sarƙe tun ba a yi mita 100 ba. Dabarar sabon shiga ita ce ya tsaya a gefe ko a baya, ya bar masu gaggawa su wuce. Idan ƙirji ya cika, doka ta yarda ya juya rigingine ya huta, ko ya dafa kwale-kwalen masu ceto, muddin bai ci gaba da tafiya da shi ba. Bayan 'yan sara kaɗan yana ɗaga kai ya dubi alamar da ke yawo a kan ruwa, in ba haka ba sai ya karkace, mita 750 ta koma 900.

Daga ruwa sai filin canji. Jiri yakan ɗebi mutum a takun farko, saboda ya daɗe a kwance ya miƙe tsaye farat ɗaya. Dokar nan ba ta da sassauci: ba a ɗaukar keke sai an ɗaure igiyar hular kwano, ba a kuma hawa sai an tura shi an wuce layin hawa. Masu ganin hular kwano ta 'yan acaɓa ce kawai, ita ma sai an hango jami'i, su ji da kyau.

Zangon keke ya fi cin lokaci, kusan rabin tseren. A yawancin gasannin 'yan sha'awa an hana laɓewa a bayan wani domin ya tare wa mutum iska. Ana barin tazarar kimanin mita 10, sai in za a wuce. A nan ake shan ruwa, domin a kan keke ciki ya fi karɓarsa. Keken gida mai kariya yana iya gama kilomita 20 sarai, in dai birkinsa na ci. Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne zumuɗi. Ya tsira daga ruwa, iska na kaɗa shi, sai ya zuba ƙarfinsa duka a kan feda, ya manta da sauran kilomita 5.

Ana gane wannan kuskure da an sauka. Cinyoyin da suka saba da juya feda ba su karɓar gudu nan take, mutum ya ji kamar an ɗaura masa turmi a kowace ƙafa. Nauyin yakan saki bayan kilomita ta farko, idan aka fara da gajeren taku. Maganinsa tun a atisaye yake: a riƙa sauka daga keke a shiga gudu kai tsaye, ko na minti 10 ne. Tafiya ba laifi ba ce a wannan zango. Wanda ya ji sanyi yana ratsa shi a tsakiyar rana, ko gumi ya ɗauke masa, ko ya fara ganin duhu, ya tsaya a kira ma'aikacin lafiya.

Saura maganar ruwa, kuma a yi haƙuri, a nan za a ɗan daɗe. Masu hira a bayan rumfa su saurara, har da mai wayar da ke ta kuka tun ɗazu.

Keke akwai, hanya akwai, ƙafa kowa da tasa. Wurin koyon iyo ne babu. Yaron ƙauye yana koyon iyo a kududdufi da damina, a ramin da aka haƙi ƙasar gini, babu babba a kusa. Daga nan yake kwaso tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗin ruwa ta huda fata, har wasu iyaye suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga. A nan kuma ake rasa rayuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, ƙananan yara kuma suna cikin waɗanda abin ya fi ci. Saboda girman matsalar, a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli domin yaƙi da ita. Babu wanda ke zaune a rumfar nan da bai taɓa zuwa gaisuwar yaron da ruwa ya ci ba.

Kuɗin wasanni kuwa an san inda yake tafiya. Kakar zaɓe na ƙaratowa sai riguna masu hoton ɗan takara su fito, a sa kofi, a yi hoto, a watse. Ba a ƙi ƙwallo ba. Amma abin da ake kashewa a wasan ƙarshe ɗaya, da kujeru da rumfa da masu kiɗa, zai sayi rigunan hana nutsewa da igiyoyi da tayoyin ceto da za su yi shekaru. Ba a ce a gina irin tafkin Olamfik mai mita 50 ba. Tafkin siminti mai mita 25, mai zurfin da babba zai tsaya a ciki, da rijiyar burtsatse mai sola, da katanga, da maganin tsabtace ruwa, da mai gadi, ya isa ƙananan hukumomi biyu su yi tarayya a kansa. Katangar ce za ta ba 'yan mata damar samun ranakunsu da malama mace, iyaye su saki jiki. Kafin a kai ga haka, a ɗauki masunta aikin koyarwa da ceto da alawus na wata-wata. Sun fi kowa sanin ruwa, da gora suka tashi, kuma ba a taɓa gayyatarsu taron wasanni ba sai yau. Takardar wannan buƙata tana hannun wakilai. Ana roƙon ta shiga kasafin kuɗi da layinta da adadinta, domin alkawarin baki an sha shi an ƙoshi. Ran wakilai ya daɗe, ba faɗa ba ne, tuni ne.

Har sai an samu wannan, hukuncin kwamiti shi ne babu ɗan tseren da zai shiga kududdufi ko madatsar ruwa da sunan atisaye, ko Zoɓe ce ko wadda ke bayan gari, sai da masu ceto da izinin ma'aikatan lafiya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ko a Faris, a gasar Olamfik ta 2024, sai da aka ɗage tseren tirayatalon na maza da kwana ɗaya saboda gwaji ya nuna ruwan kogin da za a yi iyo a ciki bai da tsabta. Za a fara da nau'in da babu iyo a cikinsa, wanda shi ma hukumar tseren ta duniya ta amince da shi: gudun kilomita 5, keken kilomita 20, sannan gudun kilomita 2 da rabi. Ba za a hau babban titin Katsina zuwa Kano ba. Za a bi hanyoyin cikin gida, da 'yan sintiri a kowace mahaɗa. Wanda aka kama da ƙwaya da sunan ƙarin ƙarfi an sallame shi, ko ɗan wane ne. Atisaye ba ya cin lokacin salla, ba ya cin na makaranta, ba ya cin na gona.

Da wannan, da izinin mai girma uban ƙasa, an ƙaddamar da atisayen tseren iyo, keke da gudu na matasan wannan yanki, domin amfanin jama'a. Allah ya sa albarka, ya tsare 'ya'yanmu a ruwa da tudu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.