Babba Ya Iya Goge Baki Da Man Yara?

Yau maganarmu a kan haƙori ce.

Wani magidanci daga wajen Kabo ya yi mana tambaya. Ya ce ya sayo wa 'ya'yansa man goge baki a kasuwar Gwarzo, nasa kuwa ya ƙare. Shin ya iya goge baki da nasu? Matambayi ba ya ɓata. Ga amsa.

Man yara ba ya cutar da babba. Amma wani ba ya tsare haƙorin babba sosai. Ga dalili.

Mu kan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Ba tsutsa ba ce. Waɗansu ƙwayoyi ne ƙanana a baki. Idan muka sha rake, ko alewa, ko shayi mai sukari, sai su ci zaƙin da ya maƙale, su fid da tsami. Tsamin nan ne ke huda haƙori.

A cikin man goge baki akwai wani magani, sunansa fuloraid. Shi ke ƙarfafa bayan haƙori. A shekarar 1945 aka fara sa shi kaɗan cikin ruwan famfo na wani gari a Amurka, wai shi Grand Rapids. Aka ga ruɓewar haƙoran yaran garin ta ragu ƙwarai.

To, yanzu ga amfanin karatunku. Ku ɗauki kwalin, ku duba bayansa. Sau da yawa za ku ga lamba, da haruffa uku a gabanta: ppm. Lambar nan ita ce yawan maganin. Babba yana bukatar 1350 zuwa 1500. Waɗansu na yara 500 ne kurum. An rage ne don yara su kan haɗiye. Idan na yaranka ya kai 1350, goge abinka. Idan bai kai ba, yi da shi kwana biyu kafin ranar kasuwa, da babu gara ba daɗi. Ku duba lambar NAFDAC kuma, kada a sayar muku da jabu.

Yaro fa? Wanda bai kai shekara 3 ba, a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. A tsaya a kansa har ya tofar.

Ku goge sau biyu kullum, da safe da lokacin kwanciya. In kun tofar, kada ku kurkure da ruwa nan take, ku bar maganin ya yi aiki. Asuwaki kuma kada a bar shi, yana fid da dauɗa ƙwarai. Wanda haƙori ke damunsa ya tafi asibitin Gwarzo tun da wuri.

Ku tuna, haƙoran yaro 20 ne, in ya yi famfara wasu su fito. Na babba 32 ne, wanda ya faɗi ya tafi ke nan. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya, amin.